A Ci Da Zafinsa: Abincin Kirsimati a Gida da a Tasha

Ranar 25 ga Disamba ɗakin shan maganinmu yakan yi tsit. Ko mai ciwo yakan daure, ya ce sai an gama biki. Ranar 26 ce take gaya mana yadda bikin ya kasance. Tun kafin rana ta yi sama benci ya cika: ga uwa da goyo mai zawo, ga samari biyu daga gida ɗaya suna riƙe da ciki, ga dattijon da aka ɗauko a babur kansa yana sarawa. In na tambaya me aka ci, sai a sunkuyar da kai kamar an yi laifi, a ce, "Malama, nama ne ya yi yawa."

Ba na saurin yarda da wannan amsa. Na fi shekara 20 ina aikin jinya, kuma ban cika ganin wanda nama mai kyau, wanda ya dahu sosai, ya kwantar ba. Mutumin da ya yi wata 11 yana cin tuwo da miyar kuka, ya yi kiwon akuya tun damina saboda wannan rana, ba ni ce zan hana shi ci ba. Ka ci, ɗan'uwa. Ki ci, 'yar'uwa, ki ƙara wa yara. Abin da nake so mu duba tare shi ne tsawon lokacin da abinci ya yi daga sauke tukunya zuwa shiga baki, da kuma hannuwan da suka taɓa shi a hanya. A nan ne yawancin ciwon cikin Kirsimati yake ɓuya.

Shinkafar asuba

Kin san yadda ranar take. An kwana a majami'a daren 24, ana waƙa, yara suna wasan haihuwar Yesu. Ƙarfe 4 na asuba kin tashi kin hura wuta, domin sujadar safe za ta yi tsawo, ga baftisma, ga ƙungiyoyin mawaƙa kowacce da tata waƙar. Kafin ƙarfe 6 kin sauke babbar tukunyar shinkafa, kin rufe, kin yi wanka kin tafi. Ba a zuba wa kowa ba sai wajen ƙarfe 2 na rana. Baƙi suna shigowa har dare, ana ta ɗiba daga tukunya ɗaya. Ki ƙirga da yatsu, awa nawa ke nan?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, ba a kan wuta ba, ba a cikin firji ba. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin cuta ba sa son zafi mai ƙuna, ba sa son sanyin firji. Ɗumi suke so, irin na tukunyar da take hucewa a hankali. In sun sami wannan ɗumi, ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa gida biyu cikin minti 20. In aka bar ta haka awa 7, ta haura miliyan 2. Sanyin hunturu yakan ruɗe mu, mu ce ai gari da sanyi, abinci ba zai lalace ba. Sanyin na safe ne. Da rana ɗakin girki yakan yi ɗumi, kuma babbar tukunya a rufe takan daɗe tsakiyarta bai huce ba.

Shinkafa tana da nata halin daban, shi ya sa na fara da ita. Akwai wata ƙwayar cuta da take zuwa tare da ita tun daga gona. Irinta yana da taurin kai, kamar irin ciyawar da gobarar daji take wucewa ta kansa, amma da ruwan farko ya sauka sai ya tsiro. Tafasa ba ta kashe wannan iri. Da shinkafar ta soma hucewa sai ya farka, ya yaɗu, ya zuba guba a ciki. Ita wannan guba ɗumamawa ba ta kashe ta. Shinkafar ba ta wari, ba ta yauƙi, ɗanɗanonta bai sāke ba. Amma bayan awa 1 zuwa 6 da ci, sai amai ya taso.

Ba a littafi kaɗai na koyi wannan ba. Shekarar da aka yi wa 'yata ta biyu baftisma, ni da kaina na dafa shinkafa da asuba, na bar ta a tukunya. Da magariba na yayyafa mata ruwa, na ɗumama ta har tana tururi, na ce ai shi ke nan. Kafin tsakar dare mu biyar muna layi a bayan gida, har da surukata da ta zo daga ƙauye. Da safe ta dube ni ta ce, "'Yata, ba ke ce mai koya wa mutane ba?" Ban sami abin faɗa ba.

Tun daga nan na sāke tsarin girkina, kuma shi nake roƙonki ki gwada. Da asuba ki yi miya da nama, domin su ana iya mayar da su kan wuta su sāke tafasa. Shinkafa kuwa ki tsince ta, ki tanadi itace da ruwa, ki bar ta sai an dawo daga sujada. Ba ta wuce rabin awa a wuta. Kafin a gama gaisuwa da cire takalman yara, ta dahu. In baƙi za su yi yawa, gara ki dafa sau biyu, ta rana daban ta dare daban, da ki dafa buhu guda lokaci ɗaya. In kina da kula, ki juye abincin a ciki da zafinsa daga kan wuta, ki rufe ruf. In kin buɗe kin ga tururi yana tashi, yatsa ba ya iya shiga, yana nan lafiya. In ya zama ɗumi-ɗumi, lokacinsa ya wuce.

Kwanon maƙwabta fa, a aika da shi da zarar an sauke. 'Yan'uwanmu Musulmi suna aiko mana da naman layya da Sallah, mu ma muna aika musu da Kirsimati, kuma wannan zumunci ne mai kyau. Kada a bar kwanonsu sai yamma, bayan ya sha zama. Abin da ya ragu, in akwai firji kuma wuta ba ta ɗauke ba, a baza shi a faranti mai fāɗi ya huce da sauri, a sa a ciki, a cinye washegari bayan an ɗumama sau ɗaya. In babu firji, shinkafar da ta kwana ta kaji ce. Na san da zafi a rai, shinkafa kuɗi ce. Amma ki kwatanta da kuɗin babur zuwa asibiti, da na ƙarin ruwa ga yara biyu.

Miya a tafasa ta sosai da dare, a rufe, kada wani ya sāke tsoma cokali ko hannu, a sāke tafasa ta da safe. Ɗumamen tuwo ya yi zafi har tsakiyar malmala, ba gefe kaɗai ba. Salak mai ƙwai da mayonis shi ne na ƙarshe a haɗawa, na farko a ci, kuma ba ya jiran baƙon dare.

Wuƙa, faranti da hannu

Ranar yanka kowa yana sauri. Wuƙar da aka gyara kaza da ita, ita ce ake yanka tumatir da albasar salak. Farantin da ɗanyen nama ya zauna a kai, a kansa ake juye soyayye. Ɗanyen nama, musamman na kaza, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta ko da dabbar lafiyayya ce. Wuta takan kashe su a jikin naman, amma waɗanda suka maƙale a wuƙa suka koma kan tumatir ba su ga wuta ba. A wanke wuƙa da katako da faranti da sabulu kafin su taɓa abin da za a ci ɗanye. Naman kuma ya dahu har ciki, ba ja, ba jini kusa da ƙashi.

Gidajen da ake yanka alade su ƙara kula. In an ga wasu ƙurarraji farare kamar ƙwayar shinkafa a cikin tsokar ko a ƙarƙashin harshe, wannan naman ba na ci ba ne, ko da an karya farashinsa. 'Ya'yan tsila ne. Wanda ya ci irin wannan nama bai dahu ba, tsila takan girma a hanjinsa, ƙwanta ya riƙa fita a bayan gidansa. In ƙwan ya shiga bakin wani ta hannu marar wanki ko ta ruwa, yana iya kaiwa har ƙwaƙwalwa ya jawo farfaɗiya. Naman sa da bai gasu ba shi ma yana da tasa tsilar, sai dai ita a hanji take tsayawa.

Ana cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A wajen aikina na ga hannu da yawa yana ƙazantar da miya mai tsabta. Dubi kwanon wankin hannu da ake zagayawa da shi a gaban baƙi. Babba ya fara tsomawa, na biye ya tsoma, har ya iso kan ƙaramin yaro, wanda ya fi kowa rauni, ruwan ya zama kamar na wankin tukunya. A sa yaro ɗaya ya riƙe buta da sabulu da daro, ya zuba wa kowa. Baƙo ba ya jin haushin wannan, girmamawa ce.

Cin abinci a waje

A makon Kirsimati mutane da yawa ba a gida suke ci ba. Wani yana hanya daga Yawunde a jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundare, daga nan ya hau mota zuwa Garwa ko Marwa. Wata ta wuni a kasuwa tana neman atamfa da takalman yara. Matasa suna koyon waƙa a majami'a har dare. Wani kuma albashi ya shigo, yana so sau ɗaya a shekara ya kai maiɗakinsa gidan abinci, ta zauna a kawo mata, ta huta da hayaƙi. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Maigida, in kana da hali ka yi.

Ba na cikin masu cewa abincin waje duk cuta ne. Sau da yawa tuwon mai tuwo a bakin tasha, wanda ake kwashewa daga tukunya a gabanka, ya fi shinkafar gidan biki aminci. Ni ma in na je gari ina da wurin da nake zama, kuma ban zaɓe shi saboda fentin bango ko labule ba. Na zaɓe shi domin wutarsa ba ta mutuwa.

In ka isa wuri, kada ka yi saurin zama. Ka tsaya kamar mai jiran wani, ka duba. Mutane suna shiga suna fita? Inda ake layi abinci ba ya daɗewa, tukunya tana ƙarewa ana ɗora wata. Inda ba kowa da ƙarfe 3 na yamma, mai yiwuwa girkin safe ne yake jiranka. Miyar tana kan garwashi ko tana ajiye a ƙasa? An rufe ta daga ƙudaje da ƙurar hunturu? Ka leƙa inda ake wanke kwanuka. In bokiti ɗaya ne tun safe, ruwan ya yi kauri, ka san abin da ke jikin cokalinka. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Mama, a ɗan ɗumama mini miyar." Mai sana'ar kirki ba ta ƙi.

Wajen mai tsire da balangu, ka nuna wanda kake so, ka ce a mayar da shi kan wuta a gabanka. Wanda aka jera a gefe tun la'asar yana shan ƙura, ɗan ɗumin da yake samu daga nesa da wuta shi ne ainihin ɗumin da ƙwayoyin cuta suke so. Ɗanyar albasa da tumatir da kabejin da ake barbaɗawa a kai, in ba ka ga yadda aka wanke su ba, ka ce a bar su. Kilishi ba ya saurin lalacewa domin a bushe yake, shi ya sa ya dace da guzuri, amma yana da gishiri da yawa, mai hawan jini ya sani.

A tashoshin jirgi, irin su Belabo da Ngaundal, za a miƙo maka kaya ta taga cikin duhu. Ayaba da lemo da duk abin da kai ne za ka ɓare da hannunka, saya. Gwanda ko abarba da aka riga aka yanka aka ƙulle a leda, bar ta. Dafaffen ƙwai, in ɓawonsa bai fashe ba, ba laifi. Ruwa ya fi abinci haɗari a hanya. Zoɓo da kunun zaƙi da ƙanƙarar leda duk da ruwa aka yi su, kuma ba ka san rijiyar ba. Waɗanda suka ga kwalarar 2010 a jihar Arewa Mai Nisa sun san abin da ruwa yake iya yi wa gari. Ka tafi da ruwanka da ka tafasa a gida, ko ka sayi na kwalba wanda murfinsa bai taɓa buɗuwa ba. Shayi mai zafi a wajen mai shayi ya fi su duka kwanciyar rai. Nono da kindirmo kuwa, ƙasarmu ƙasar shanu ce, muna son su, amma ka saya a wajen wadda ka san tana tafasa madararta kafin ta kafa. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ciwon gaɓoɓi.

Ga masu ciwon suga da hawan jini

Yanzu da ku nake, Baba da Mama, masu zuwa awo kowane wata. Zumunci a ƙafa yake, kuma ranar Kirsimati ƙafa takan kai ku gida biyar ko shida. Kowane gida za a ajiye muku faranti da kwalbar lemo, kuma ƙin ci yana kama da raini. Ban ce ku zauna a gida ba.

Ku zaɓi gida ɗaya da za ku ci ku ƙoshi. A sauran, ku ɗauki tsoka ɗaya, ku sa albarka, ku ce, "Malamar asibiti ta sa mini doka." Ku ɗora laifin a kaina, na yarda. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: shinkafa ko tuwo kamar dunƙulen hannunku, sauran farantin ganye da nama ko kifi. Lemon kwalba shi ne babban tarko, domin ba ya cika ciki. Ƙaramar kwalbar Coca-Cola mai 33 cl tana da sukari wajen giram 35, kamar ƙwayar sukari 7 ke nan. Wa zai jefa ƙwaya 7 a kofin shayi ɗaya? Babbar kwalba kuwa ta kusa ninka haka. Ku nemi ruwa, ko zoɓon da ba a sa wa sukari ba. Ke mai gida, ki ɗebe kofi biyu kafin ki zuba sukari, akwai wanda zai gode miki.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen, wanda ba a cika maganarsa ba. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin, in ya sha magani da safe ya tafi sujada bai karya ba, yana cewa sai an dawo a ci mai daɗi, sugansa yana iya faɗuwa a tsakiyar wa'azi. Alamunsa rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, yunwa mai tsanani, ko magana ba kan gado. Ku karya kafin ku fita, ku sa ƙwayar sukari 3 a aljihu. In alamun sun zo, a tsotse su nan take, sannan a ci abinci. In mutum ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kawo shi da gaggawa. Giya da burkutu da arki a kan cikin da ba kome suna ƙara wannan haɗari, kuma mutane sukan ɗauka maye ne, su bar shi ya kwanta.

Mai hawan jini, gishirin da aka yarda wa babba a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin miya. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Miyar biki takan sha dunƙule da yawa, ga yajin tsire shi ma da nasa. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa suna ba miya daɗi ba tare da an cika dunƙule ba. Kada kuma a ajiye magani a ce sai bayan biki. Wannan dattijon da na ce an ɗauko a babur, sau da yawa maganinsa ne ya ƙare tun ranar 20, hidima ta hana shi zuwa karɓa. Ku duba ledar maganinku tun tsakiyar Disamba. In za ku yi tafiya, ku zo mu ba ku wanda zai kai ku har Janairu.

In zawo ya zo duk da haka

Wani lokaci an yi duk abin da ya kamata, amma ciki ya ɓaci. Abin da yake kashe mai zawo shi ne ƙarewar ruwa a jiki, kuma ƙaramin yaro ba ya daɗewa kafin ruwansa ya ƙare. Tun kafin biki a sayi ledar garin ruwan gishiri da sukari, wanda ake kira SRO a ɗakin magani, a ajiye a gida. Leda ɗaya a lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, sai dai in an rubuta wani awo a jikin ledar. In babu, a haɗa na gida: lita 1 ta ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirinsa ya fi na hawaye.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan-kaɗan. Daga shekara 2 zuwa 10, rabin kofi zuwa kofi ɗaya. Babba ya sha iyakar yadda yake so. In ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Uwa kada ta daina ba da nono, kada kuma a hana yaro abinci. Abin da ya kai awa 24 da haɗawa a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zink, 20 mg kowace rana har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Kada a sayi ƙwayar tsayar da zawo a wajen mai tebur a ba yaro.

Amma in kun ga jini a bayan gida, ko zawo yana zuba fari kamar ruwan wankin shinkafa, ko idon yaro ya faɗa, ya kasa sha ko kama nono, ya yi laushi yana ta barci, ko fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓi mai zafi ya haɗu da zawon, to wannan ya wuce na gida. A ɗauko shi, ana ba shi ruwan a hanya. Kada a ce bari baƙi su watse tukuna, kada a ce bari gari ya waye. Ranar 25 ma akwai mai aiki a ɗakin shan magani, dare da rana. Bana ni ce da aikin dare, zan zo da tawa shinkafar a kula.